Deepthi Jeevanji, Gudun Mita 400 da Naƙasar da Ido Ba Ya Gani

Ranar 20 ga Mayun 2024, a birnin Kobe na ƙasar Japan, wata budurwa 'yar Indiya mai shekara 20, Deepthi Jeevanji, ta zagaye filin gudu sau ɗaya, wato mita 400, cikin daƙiƙa 55.07. Gasar ta duniya ce ta guje-guje da tsalle-tsalle ta naƙasassu, rukunin da ta fafata a cikinsa kuwa shi ne T20, na masu naƙasar fahimta. Da wannan gudu ta ɗauki lambar zinare, ta kuma karya tarihin duniya na daƙiƙa 55.12 da Ba'amurkiya Breanna Clark ta kafa a Faris a shekarar 2023. In aka auna ratar da ke tsakanin lokutan nan biyu a ƙasa, ba ta kai rabin mita ba, amma duk wanda ya san harkar gudu ya san cewa shekaru ake kwashewa ana horo kafin a ci irin wannan 'yar tazarar. Lissafin gudun nata ya nuna cewa tana cin kowace mita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 14, sau huɗu a jere ba tare da hutawa ba, kimanin kilomita 26 ke nan a sa'a guda.

Abin da ya sa nake son a san labarin wannan yarinya shi ne zalunci iri biyu da masu irin naƙasarta ke fuskanta, waɗanda kowanne ke ƙaryata ɗan'uwansa, amma duk da haka suke haɗuwa a kan mutum guda. A gida ana raina su, ana cewa ba za su taɓa amfana wa kowa komai ba. Idan kuma suka fito fili suka yi bajinta, sai a juya ana tambaya, wai ina naƙasar take, tunda ga ƙafafu lafiya, ga idanu lafiya? Deepthi ta ɗanɗani na farko tun tana jaririya, na biyun kuwa ya rataya a wuyan rukunin T20 gaba ɗaya tun kafin a haife ta.

An haife ta a watan Satumban 2003 a ƙauyen Kalleda da ke yankin Warangal, a jihar da yanzu ake kira Telangana, kudancin Indiya. Iyayenta talakawa ne da ke aikin ƙodago a gonakin mutane domin kuɗin yini, har ta kai sun sayar da 'yar gonar da suke da ita saboda matsin rayuwa. Mahaifiyarta ta bayyana wa 'yan jarida cewa an haifi yarinyar da ƙaramin kai da siffar fuska wadda ta bambanta da ta sauran jarirai, kuma mutanen ƙauyen sun riƙa kiranta mahaukaciya, suna kiranta biri, wasu har suna ba iyayen shawarar su kai ta gidan marayu su huta. Iyayen suka ƙi. Ina ganin duk lambobin da ta ci daga baya a kan wannan ƙin suka tsaya, domin talaka wanda kullum sai ya fita kafin a ɗora tukunya, kuma maƙwabta na zuga shi ya rabu da nauyi, riƙe ɗiyarsa da ya yi ba ƙaramar jarumta ba ce.

Ya kamata a fayyace abin da naƙasar fahimta take nufi, domin a nan ne mutanen ƙauyen suka ɓata, kuma ba su kaɗai ba. Yanayi ne da ke bayyana tun ana yara, wanda ke sa mutum jinkirin koyo, da wahalar riƙe bayani mai rassa da yawa, da wahalar lissafi ko tsara abin da zai yi mataki bayan mataki, har da tafiyar da wasu al'amuran yau da kullum kamar sarrafa kuɗi ko yin doguwar tafiya shi kaɗai. Ba hauka ba ne, ba kuma cuta ce da ake ɗauka ba. Wani lokaci daga ƙwayoyin halitta yake, wani lokaci daga rashin isasshiyar iska ga ƙwaƙwalwar jariri a lokacin haihuwa, ko ƙarancin sinadarin aidin ga mai juna biyu, ko wata cuta irin sanƙarau da ta kama yaro yana ƙarami, sau da yawa kuma likitoci ba sa gano sababin. Mai wannan yanayi yana koyo, yana so, yana jin zafin wulaƙanci kamar kowa. Lokaci kawai yake buƙata fiye da sauran mutane, da kuma malamin da ba ya gajiya da maimaitawa.

Malamin motsa jiki na makarantar ƙauyensu ne ya fara lura cewa yarinyar nan mai yawan shiru tana tsere wa sa'o'inta a guje. Daga nan labarinta ya kai ga Nagpuri Ramesh, kocin Hukumar Wasanni ta Indiya a Haidarabad, mutumin da ya horar da shahararriyar 'yar tsere Dutee Chand, wanda kuma aka ba lambar Dronacharya, wadda Indiya ke karrama manyan masu horarwa da ita. Ramesh ya ba da labarin cewa sa'ad da ya nemi a turo masa ita birni, iyayen ba su da ko kuɗin mota, sai ya sa aka haɗa shi da kwandastan bas ta waya, ya yi masa alkawarin zai biya in sun iso. Haka ta shiga Haidarabad.

Shekarunta na farko a can, da masu cikakkiyar lafiya take tsere, a gudun mita 100 da 200. Ta ci lambar tagulla a mita 200 a gasar matasan Asiya da aka yi a Hong Kong a 2019, sannan ta ci zinare biyu a gasar matasa ta Khelo India a 2020. Pullela Gopichand, tsohon zakaran badminton wanda gidauniyarsa ke tallafa wa 'yan tseren da Ramesh ke horarwa, shi ne ya ba da shawarar a kai ta cibiyar ƙasa ta masu naƙasar fahimta da ke Haidarabad a gwada ta. Gwajin ya tabbatar da abin da masu zama da ita suka daɗe suna gani, aka kuma buɗe mata ƙofar wasannin naƙasassu. A 2022 ta fita gasarta ta farko a wannan fanni a ƙasar Maroko, ta dawo da zinare a mita 400.

A daidai nan ne mai shakka zai ɗaga hannu ya ce, yarinyar da ta ci lamba a tsakanin lafiyayyu, me ya kai ta gasar naƙasassu? Tambaya ce da ta cancanci amsa, kuma amsar tana cikin yadda gudun mita 400 yake. Shi ne mafi tsawo a cikin gajerun tsere, kuma babu ɗan Adam da zai iya yin sa da iyakar ƙarfinsa daga farko har ƙarshe. Makamashin gaggawa da tsoka ke ajiyewa yana ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, daga nan jiki ya koma ƙona sukari ba tare da isasshiyar iska ba, tsami ya taru a tsoka, ƙafafu su yi nauyi, numfashi ya sarƙe. Kowa raguwa yake yi a mita 100 na ƙarshe, hatta zakarun duniya, wanda ya yi nasara kuwa shi ne wanda gudunsa ya fi jinkirin raguwa. Saboda haka dole ɗan tsere ya kasafta ƙarfinsa tun daga tashi. Ya fita da zafi a mitocin farko, ya saki jiki a miƙaƙƙen layin baya ba tare da ya rage sauri ba, ya sake matsawa a kwana ta biyu, sannan ya riƙe tsarin takunsa a lokacin da jikinsa duka ke roƙonsa ya tsaya. Wanda ya zura da yawa a rabin farko zai ga ana wuce shi a gaban 'yan kallo, wanda kuma ya yi rowar ƙarfinsa zai isa da sauran kuzari amma tseren ya riga ya kuɓuce masa.

Akwai kuma wata wahalar da mai kallo a talabijin ba ya lura da ita. A mita 400 ba a jere ake tsayawa ba. Kowa yana da layinsa wanda ba zai fita daga cikinsa ba har ƙarshe, kuma da yake layukan waje sun fi tsawo a kwana, masu su ana tsayar da su gaba da na ciki. Wannan ya sa ido ke yaudarar ɗan tsere, domin wadda yake hange can gabansa mai yiwuwa a haƙiƙa tana bayansa, kuma ba a sanin wanda ke gaba da gaske sai an fito daga kwanar ƙarshe. Wanda aka ba layin waje ba ya ma ganin kowa, shi kaɗai yake gudu da lissafin da ke kansa. To auna sauri, da riƙe tsarin da koci ya shimfiɗa, da ƙin biye wa abokiyar hamayya da ta fizga da wuri, da yanke shawara cikin ƙiftawar ido alhali jiki na raɗaɗi, duk aikin ƙwaƙwalwa ne, kuma a nan ne naƙasar take zaune. Masu bincike a Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, waɗanda suka yi aiki mai yawa kan wannan rukuni, sun nuna cewa 'yan tsere masu naƙasar fahimta suna shan wahala wajen riƙe saurin da aka gindaya musu, kuma yadda suke raba ƙarfinsu a cikin tsere ya sha bamban da na takwarorinsu marasa naƙasa. Ƙarfin ƙafa na iya kai yarinya ga lamba a gasar matasa, inda baiwa ke rufe giɓi da yawa, amma yayin da aka hau matakin manya, inda dabara da lissafi ke raba na ɗaya da na takwas, giɓin yakan fito fili. Tarihin Indiya na mata a mita 400 daƙiƙa 50.79 ne, wanda Hima Das ta kafa a 2018, na duniya kuwa 47.60 ne, na Marita Koch tun 1985. Faɗin waɗannan lambobi bai rage wa Deepthi komai ba, illa dai ya nuna dalilin da ya sa aka ware rukunin.

Shakkar da ake yi wa rukunin T20 tana da asali, kuma asalin nata abin takaici ne. An fara shigar da masu naƙasar fahimta cikin babbar gasar Olamfik ta naƙasassu a Atlanta a 1996. Bayan shekara huɗu, a Sidni, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Sifaniya ta ci zinare a wannan rukuni bayan ta doke Rasha a wasan ƙarshe. Ba a daɗe ba ɗaya daga cikin 'yan wasan, Carlos Ribagorda, wanda ɗan jarida ne, ya fito ya tona cewa shi ba shi da wata naƙasa, kuma ba a yi masa gwajin kirki ba. Bincike ya tabbatar da cewa 10 daga cikin 'yan wasa 12 lafiyayyu ne da aka sa su yi kamar naƙasassu. Aka ƙwace lambar, har daga hannun kyaftin ɗin ƙungiyar, Ramón Torres, wanda yana cikin mutum biyun da naƙasarsu ta gaskiya ce. A farkon 2001 kwamitin shirya gasar na duniya ya dakatar da masu naƙasar fahimta gaba ɗaya, daga kowace ƙasa, a kowane wasa. Babu su a cikin masu neman lamba a Atens a 2004, babu su a Beijin a 2008. Sai a watan Nuwamban 2009, a babban taron kwamitin a Kwala Lamfur, aka kaɗa ƙuri'ar dawo da su, suka koma fili a Landan a 2012, a wasanni uku kacal: guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya, da ƙwallon tebur.

Hujjar kwamitin ita ce babu wani ingantaccen tsarin tantancewa da za a dogara da shi, kuma gaskiya ne babu. Amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Waɗanda suka ƙulla maguɗin masu cikakken hankali ne, jami'ai da 'yan wasan da suka san abin da suke yi, kuma sai a 2013 wata kotu a Madrid ta ci shugaban hukumar wasannin da abin ya shafa tarar yuro 5,400, ta kuma umarce shi ya mayar da kuɗin tallafin da aka karɓa. Waɗanda ba su ji ba ba su gani ba kuwa shekara 12 aka hana su babban fili. Domin a gane girman wannan asara, a dubi Barbara Niewiedział ta ƙasar Folan, wadda yanzu ake kira Bieganowska-Zając. Tana da shekara 19 ta ci zinare a mita 800 a Sidni. Ba ta sake taka wannan gasa ba sai tana da shekara 31, inda ta ci zinare a mita 1500 a Landan, ta maimaita a Riyo a 2016, ta maimaita a Tokiyo, ta sake maimaitawa a Faris a 2024 tana da shekara 43. Shekarun da ɗan tsere ke kan ganiyarsa, daga 20 zuwa 30, su ne daidai waɗanda aka ɗauke mata. Ita ta jure ta dawo, amma da yawa daga sa'o'inta sun watse, domin idan wasa ya fita daga jerin na Olamfik, tallafin gwamnatoci da na kamfanoni yakan bi shi ya fita.

Tsarin da aka gina bayan wannan abin kunya, wanda Deepthi ta bi ta cikinsa, matakai biyu ne. Na farko yana hannun ƙungiyar Virtus, wadda aka kafa a 1986 kuma a da aka san ta da suna INAS. Ita ke duba takardun masana halayyar ɗan Adam domin tabbatar da abu uku: cewa makin gwajin basira na ɗan wasa bai wuce 75 ba, cewa yana da gazawa bayyananna wajen tafiyar da rayuwar yau da kullum, da cewa yanayin ya faro ne tun yana tasowa. Mataki na biyu na hukumar wasan ne, inda ake gwada shi a kwamfuta kan saurin mayar da martani da riƙe abu a ƙwaƙwalwa da fahimtar abin da ido ya gani, a gwada shi a fili kan abin da ya shafi wasansa, kamar riƙe sauri ga 'yan tsere, sannan a zuba masa ido a lokacin gasa domin a ga ko abin da yake yi ya dace da abin da gwaji ya nuna. Duk wanda ya ga T20 a gaban sunan ɗan tsere yau, ya sani cewa an bi da shi ta wannan tankaɗe da rairaya. Kada kuma a haɗa wannan da gasar Special Olympics, wadda Eunice Kennedy Shriver ta assasa a Chicago a 1968. Waccan ƙofarta a buɗe take ga kowane mai naƙasar fahimta, ana haɗa kowa da daidai ƙarfinsa, kuma aiki ne mai daraja ƙwarai. Ita kuwa gasar Olamfik ta naƙasassu sai wanda ya cika sharaɗin lokaci ko nisa yake samun gurbi.

A watan Oktoban 2023 Deepthi ta ci zinare a gasar naƙasassu ta Asiya a Hangzhou na ƙasar Sin da daƙiƙa 56.69. Wata bakwai bayan haka ta yi 55.07 a Kobe, wato ta zaftare fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi, abin da ba kasafai ake gani ba a wannan mataki. Ta isa gasar Olamfik ta naƙasassu a Faris a matsayin mai riƙe da tarihin duniya, amma tun a zagayen share fage Aysel Önder ta Turkiyya ta karɓe shi da daƙiƙa 54.96. A zagayen ƙarshe, ranar 3 ga Satumban 2024, a filin Stade de France, Yuliia Shuliar ta Yukiren ce ta zo ta ɗaya da 55.16, Önder ta biyu da 55.23, Deepthi ta uku da 55.82. Ita ce mai naƙasar fahimta ta farko daga Indiya da ta ci lamba a wannan gasa, kuma tagullarta na cikin lambobi 29 da ƙasar ta kwaso a Faris.

Wasu sun ɗauki wannan tagulla a matsayin koma-baya, tunda wadda ta zo da tarihin duniya ta koma da matsayi na uku. Ni ba haka nake kallonta ba. Wannan ne karonta na farko a gasa mafi girma, a gaban dubban 'yan kallo masu ihu, a ƙasar da ba ta jin harshenta, kwana guda bayan ta ga an karya tarihin da ta kafa. Irin wannan sauyin yanayi yana rikita 'yan wasa masu gogewa, balle wadda ƙarfinta ya dogara ga tsari tsayayye da ta saba da shi. Ba ta yi gudunta mafi kyau ba a daren, wannan gaskiya ne, kuma girmama ta a matsayin 'yar tsere ya haɗa da faɗin haka. Amma ta riƙe kanta ta hau mumbarin karɓar lamba a tseren da mata uku mafi sauri a rukunin suka haɗu.

Saurin da wannan tsere ke ƙaruwa shi kansa abin lura ne. Sai a Riyo a 2016 aka shigar da mita 400 na mata na T20 cikin gasar, kuma Breanna Clark ta ci zinaren farko da daƙiƙa 57.79. Clark tana da lalurar otizim, wadda ke shafar yadda mutum ke magana da mu'amala da mutane, mahaifiyarta kuma, Rosalyn Bryant, wadda ta ci azurfa a gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 a gasar Olamfik ta Montreal a 1976, ita ce mai horar da ita. A Tokiyo ta sauko da lokacin zuwa 55.18. Lokacin da ya ba ta zinare a Riyo, da a Faris aka yi shi, da bai kai ta kusa da lamba ba. Wannan ci gaba ya samu ne cikin shekara takwas kawai, da zarar an ba rukunin fili da koci da abin yin horo, kuma shi ne ke sa ni tunanin inda da aka kai da ba a rufe ƙofar ba a 2001.

Har yanzu kuwa ƙofar ba ta buɗe sosai ba. A fannin guje-guje da tsalle-tsalle, wasanni huɗu ne kawai aka ba masu naƙasar fahimta a gasar Olamfik ta naƙasassu: mita 400, mita 1500, dogon tsalle, da jifan dunƙulen ƙarfe. Babu mita 100, babu 200, waɗanda su ne Deepthi ta fara yin suna a cikinsu, saboda haka duk mai gajeren gudu a wannan rukuni dole ya koma mita 400 ko ya haƙura. Rukunin kuma guda ɗaya ne tak ga kowa, ba kamar masu matsalar gani ba da aka kasa su uku gwargwadon tsananin naƙasar. Sakamakon haka shi ne masu naƙasa mai tsanani, musamman masu lalurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita, waɗanda yanayin ya shafi har jikinsu, kusan ba su da hanyar samun gurbi. Virtus ta ware musu rukuni a gasanninta, amma babbar gasa ba ta bi sahu ba tukuna, kuma ina ganin lokacin yin hakan ya yi.

Akwai kuma batun abin da ke kewaye da ɗan wasa kafin a busa usur. A Tokiyo, Muhammad Ziyad Zolkefli na Maleshiya, zakaran jifan dunƙulen ƙarfe na Riyo, ya isa ɗakin tantance 'yan wasa a makare da minti uku, shi da wasu mutum biyu. Aka bar shi ya fafata kafin a yanke hukunci, ya yi jifan mita 17.94, wanda ya zarce na kowa, sannan aka soke sakamakonsa aka ba Maksym Koval na Yukiren zinaren da mita 17.34. Doka doka ce, kuma Koval bai yi laifin komai ba. Amma kula da lokaci da bin sanarwa a wurin da ba a saba ba suna cikin ainihin abubuwan da wannan naƙasa ke taɓawa, don haka nauyin kai ɗan wasa ƙofar da ta dace a kan lokaci yana wuyan masu rakiyarsa da masu shirya gasa. Ziyad ya dawo a Faris ya ci azurfa.

Bayan Faris, gwamnatin Telangana ta ba Deepthi kyautar rupi miliyan 10, da fili a Warangal, da alkawarin aikin gwamnati, a watan Janairun 2025 kuma shugabar ƙasa Droupadi Murmu ta miƙa mata lambar Arjuna, ɗaya daga manyan lambobin girmamawa na wasanni a Indiya. Iyayenta sun ce mutanen da a da ke yi musu ba'a yanzu suna zuwa taya su murna. Na yi farin ciki da wannan, amma akwai abin da ke damuna game da yadda jaridu suka riƙa ba da labarin, kamar lambar ce ta tabbatar da cewa yarinyar mutum ce. Kiranta biri zalunci ne tun ranar da aka fara shi, kuma da ba ta taɓa cin tsere ko ɗaya ba, da zaluncin yana nan yadda yake. A Kalleda da sauran ƙauyukan Indiya akwai yara masu irin yanayinta da ba su da saurin ƙafa, waɗanda babu koci da zai biya musu kuɗin mota, kuma haƙƙinsu na a kira su da sunayensu, a sa su a makaranta, bai gaza nata ba. Haka nan ba na son a mayar da ita abin tausayi har a manta da aikin da ta yi. Shekaru ta yi tana maimaita tashi daga maƙallan ƙafa da shiga kwana da riƙe taku, har abin da wasu ke kamawa da bayani ɗaya ya zauna mata a jiki.

A ƙarshen Satumban 2025 gasar duniya ta zo birnin Delhi, ta yi gudu a gaban mutanen ƙasarta a filin Jawaharlal Nehru. Ta yi 55.16, wanda ya fi abin da ta yi a Faris nesa ba kusa ba, ta ci azurfa, ta kuma sha gaban Shuliar. Önder ce ta sake tserewa, da sabon tarihin duniya na daƙiƙa 54.51. Tsakanin wannan lokaci da mafi kyawun gudun Deepthi akwai kimanin mita huɗu a ƙasa, kuma su ne aikin da ke gaban ta da kocinta kafin gasar Los Angeles ta 2028, wadda za ta same ta tana da shekara 24.